Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano: kwatar unguwarmu ta yi wa ruwanmu kaɗan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Gwamna, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya yi riƙo da hannunka a kan nauyin da ka ɗauka. Ni tsohon malamin lissafi ne, na ajiye alli na koma gida, yanzu kuma ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu. Unguwar tana gangare, cikin unguwannin da ruwansu ke neman hanyar rafin Jakara. Sunanta da taswirarta suna cikin takardar da za mu miƙa ta hannun mai unguwa da dagaci. A nan na bar ta babu suna, domin na san mutumin Dala da na Gwale da na Fagge da na cikin Birni kowa zai karanta ya ce tasu ake nufi, kuma duk sun yi daidai.

Da gangan na bari sai da damina ta ɗauke kafin in rubuta. A watan Agusta kowa kuka yake, kuka kuwa idan ya yi yawa ba a gane muryar kowa. Yanzu ƙasa ta bushe, ana shirin kai kasafin kuɗi gaban Majalisar Dokoki, kuma watannin rani da ake iya haƙa suna gabanmu.

Bari in fara da wani dare na tsakiyar marka. Ruwa ya sauko bayan sallar isha'i kamar da bakin ƙwarya. Kafin a yi rabin awa kwatar layinmu ta cika ta tumbatsa, titi da kwata suka zama abu ɗaya. Mu a nan ba daga sama ruwa yake cin mu ba. Rariyar da aka yi don ta fitar da ruwan tsakar gida ita ce take juyowa da shi ciki, baƙi, da kumfa da leda. Maƙwabciyata, dattijuwa ce da ke riƙe da jikoki uku, muna ce mata Iya. Da na kutsa gidanta da fitilar waya, ruwa ya kai mini gwiwa a zaure. Na same ta zaune a kan gado ta tattara yaran a jikinta, ta ɗora buhun masara a kan kujera, kujerar kuma a kan tebur. Na ce, Iya, ku taso mu koma masallaci. Ta ce, Malam, bar ni tukuna, kai dai leƙa mini bayan gida. Na leƙa. Salga ta cika tana bulbulo da abin da ke cikinta, kuma tsakaninta da rijiyar gidan bai fi taku shida ba. Da wannan rijiyar ake wanke kwanuka, da ita ake wa yara wanka. Bayan kwana huɗu ƙaramin jikan nata yana kwance ana ƙara masa ruwa saboda amai da gudawa. Allah Ya tashi kafaɗarsa, amma kuɗin adashinta na wata biyu can ya tafi.

Irin wannan ambaliya ba ta shiga labaran rediyo. Duniya ta ji abin da ya samu Maiduguri ranar 10 ga Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, kuma dattawan Kano ba su manta da fashewar madatsar Bagauda a watan Agustan 1988 ba. Tamu ƙarama ce. Tana zuwa sau huɗu ko biyar a damina guda, ta yi awa uku ta janye, ta bar katifa a jiƙe da gindin katangar ƙasa yana shan ruwa. Katangar ba a daren take faɗuwa ba, sai bayan mako biyu, rana tsaka, babu ko hadari. Amma ruwan da ya dake ka shi ne ruwa.

Duk lokacin da muka kai kuka, amsa ɗaya muke ji: ku yashe kwatocinku, ku daina zuba shara. Gaskiya ce, kuma ba zan wanke mu ba. Akwai gidajen da da zarar an fara yayyafi sai a aiko yaro da kwandon shara ya juye a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ledar fiya wata kaɗai ta isa ta toshe kwalbati. Masu shaguna sun zuba kankare sun rufe kwata don su sami wurin baje kaya. Ni kaina, da kunya nake faɗa, dakalin ƙofar gidana ya hau kan kwata da kusan taƙi biyu, kuma ni na sa magini ya yi haka shekarun baya. Wannan duk namu ne.

Sai dai bana mun gwada abin da ake faɗa mana har ƙarshensa. Tun watan Mayu samarin unguwa suka yi aikin gayya Asabar uku a jere, da shebur da baro, muka yi karo-karo muka ɗauki tifa ta kwashe dagwalon don kada ruwan farko ya mayar da shi, kamar yadda aka saba. Kwata ta fito fes har ana ganin simintin ƙasanta. A daren da na ba da labari, wannan wankakkiyar kwatar ce ta cika cikin rabin awa.

Abin ya tsaya mini a rai, sai na koma sana'ata. Na sami gwangwani mai miƙaƙƙen baki na ajiye a kan soro inda babu abin da ya tare shi. Ruwan da ya biyo baya, wanda ya yi kamar awa ɗaya, na sa rula na auna: santimita 5, wato milimita 50. A ido ba komai ba ne, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Amma fili mai ƙafa 50 sau 50, irin wanda yawancinmu muke zaune a kai, idan ruwa mai zurfin santimita 5 ya sauka a kansa, lita 11,600 ke nan. Jarkar ɗan garuwa mai lita 25 sau 464, daga gida ɗaya, cikin awa ɗaya. Na duba taswira a waya na kewaye duk yankin da ruwansa ke gangarowa zuwa bakin layinmu, ya kama kusan hekta 30. Lita miliyan 15. A ce kashi 3 cikin 10 ya nutse a ƙasa ko ya maƙale a wani wuri, saura lita miliyan 10 da rabi. Tankar mai ta lita 33,000 sama da 300 ke nan, a jere, duk suna neman wucewa ta lungu ɗaya.

Ita kuwa kwatar, na sa tef: faɗi santimita 60, zurfi santimita 60. Na jefa marfin roba lokacin da take gudu, na bi shi da agogo, ya yi mita 10 cikin daƙiƙa 10. Da wannan gudun, ko ta cika maƙil, lita 360 take ɗauka a daƙiƙa, wajen lita miliyan 1 da dubu 300 a awa. Ruwan da ake turo mata ya ninka ƙarfinta sau 8. Awon gwangwani da marfin roba ne, na sani, injiniyoyinka suna da kayan da suka fi nawa. A rage rabin lissafina ma a zubar, har yanzu ninki huɗu ne. Ko da harshe muka lashe kwatar nan, ranka ya daɗe, ba za ta ɗauki wannan ruwa ba.

Wanda ya gina ta bai yi ganganci ba. A lokacinsa ta isa, domin ba ita kaɗai ke aikin ba. Kano gari ne da aka gina da ƙasarsa. Duk inda aka haƙi ƙasar gini, ta gidaje da ta badala, rami ya saura, ramin ya zama kududdufi, kududdufin kuma ya zama ma'ajiyar ruwan damina. Ina yaro akwai uku a kewayen unguwarmu. Ruwa zai sauka ya taru a cikinsu, ya yi kwanaki yana tsiyaya a hankali, yana kuma ciyar da rijiyoyinmu ta ƙarƙashin ƙasa. Tsakar gida ƙasa ce, lungu ƙasa ne, rufin soro ma yakan riƙe ruwa kafin indararo ya fara zuba. Yau biyu daga cikin kududdufan nan an cike su da shara da ɓaraguzai, an yanka filaye, an yi gini. Rufi ya koma kwano, tsakar gida ta koma siminti da tayil, lunguna sun sha intalok. Ci gaba ne, ba na kushe shi, ni ma ba na son komawa zamanin taɓo. Amma kowane ɗigon da a da ƙasa ke shanyewa yanzu a guje yake isowa kwata, kuma duk a lokaci ɗaya.

Ga kuma abin da ya mayar da gidajenmu rami. Duk sanda aka gyara titi, sabon burji ake zubawa a kan tsohon, a shimfiɗa kwalta a sama. Titi yana hawa, gida yana nan inda kakanni suka kafa shi. Mai gida sai ya ƙara bulo ɗaya a dokin ƙofa, baɗi ya ƙara wani. Yanzu akwai zaurukan da sai ka haura matakala biyu, ka sunkuya, sannan ka gangara uku. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta zama fursuna a gidanta, gawa ma da dabara ake fito da ita. Kuma dokin ƙofar ba ya hana komai, tunda ta rariya da bakin salga ruwan ke shigowa.

Abin da muke roƙo shi ne a gina mana magudana ta biyu, wadda zan kira magudanar rage nauyi. Tsohuwar kwata tana nan a wurinta, tana ɗaukar ruwan wanka da wanke-wanke da ɗan yayyafi kamar kullum. A wurare biyu ko uku da ruwa ya fi taruwa, sai a buɗe mata baki a gefe, a bar ɗan tudu a bakin, kamar yadda manomin rani ke yi wa fangali. Muddin ruwa bai kai tsayin tudun ba, hanyarsa yake bi. Da ya haura, sai rarar ta zuba cikin sabuwar magudana, babba, rufaffiya, irin kwalbatin nan mai kusurwa huɗu da mutum zai iya shiga a sunkuye ya yashe, wadda za ta bi ƙarƙashin babban titi ta kai ruwan kai tsaye ga babban lambatu. Babu inji, babu buƙatar wutar lantarki, gangara ce kawai ke aiki. A gaban kowane baki a yi ramin tare yashi da ragar ƙarfe mai tare shara, a wurin da baro da tifa za su iya isa. A layukan da suka fi zurfi kuma a sa marfi mai buɗewa gefe ɗaya, wanda ke barin ruwan gida ya fita amma ya hana na waje komowa.

Za a ce me zai hana a faɗaɗa tsohuwar kawai. Lungunanmu ne amsar. Wani lungun Adaidaita Sahu ma da ƙyar take ratsa shi, gidaje sun matse kwatar hagu da dama, bututun famfo sun ratsa ta cikinta kamar saƙar gizo. Faɗaɗa ta yana nufin rushe ɗakunan mutane da dama da biyan diyya mai yawa, da barin unguwa babu mafitar ruwan wanka har a gama. Babban titi kuwa fili ne na gwamnati, babu ɗakin kowa a kai. Kuma a harkar magudana girma yana da riba fiye da yadda ido ke gani: bututun da aka ninka faɗinsa sau biyu, a gangara iri ɗaya, ruwan da yake ɗauka ya haura ninki shida. Tunda za a fasa titi, a fasa sau ɗaya a sa mai girman da zai ishi jikokinmu.

Wannan dabara ba ni na ƙirƙiro ta ba. Wani tsohon ɗalibina da ke aikin injiniya a Amurka ya ba ni labarin unguwar Bloomingdale a birnin Washinton, na kuma bi na karanta. Magudanansu tun ƙarshen ƙarni na 19 aka gina su, bututu ɗaya ke ɗaukar ruwan sama da na bayan gida, gari kuma ya girma ya fi ƙarfinsa. Gidajensu suna da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da mutane ke kwana a ciki. A shekarar 2012 ruwa mai ƙarfi ya sauka sau da dama cikin 'yan watanni, ƙazanta ta riƙa bulbulowa cikin ɗakunan nan ta bakin masai da wurin wanka. Da na ji haka sai na ga gidan Iya. Hukumar ruwan birnin ta haƙa babban rami mai kama da bututu a ƙarƙashin titin First Street, aka gama a 2016, yana riƙe galan wajen miliyan 8, kusan lita miliyan 30, har ruwa ya tsagaita sannan a sake shi. A 2023 suka haɗe shi da wani dogon ramin mai tsawon kusan kilomita 8. Mu ba ramin ƙarƙashin ƙasa mai cin ɗaruruwan miliyoyin dala muke nema ba, kankare da rodi ne da magina na gida za su iya. Abin da na ɗauka daga labarin shi ne, su ma sun yarda cewa tsohuwar magudana ta yi kaɗan, suka daina ɗora wa mazauna laifin duka.

Akwai inda nake jin tsoro, kuma gara in faɗa tun ran gini. Magudana daga ƙasa ake fara ta, daga inda ruwa zai fita, a hauro sama. Mun sha ganin akasin haka a garin nan: a fara daga inda manyan mutane suke ko inda ido ke gani, a yi mita ɗari uku masu kyau, kuɗi ya yanke, kwata ta tsaya a ƙofar gidan wani bawan Allah ta riƙa juye masa ruwan unguwa guda. Da irin wannan rawa gara ƙin tashi. Ba ma son a yi mana kashin dankali, mu mu huta, na ƙasa da mu su nutse, domin 'yan'uwanmu ne, da su muke aure, maƙabartarmu ɗaya. Saboda haka kafin a sa katafila, a tabbatar babban lambatun da za a zuba wa ruwan zai iya karɓa. Aikin Jakara zuwa Kwarin Gogau, wanda jama'a ke kira titin Wuju-Wuju, da aka faro a zangon mulki na biyu na Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, shi ne uwar magudanan wannan ɓangare na birni, daga nan ruwan ke wucewa har madatsar Wasai a Minjibir. Amma uwa ba ta da amfani ga wanda babu hanyar da za ta kai ruwansa gare ta. Tsakanin ƙaramar kwatar lungu da wannan babbar hanya akwai giɓi, kuma a cikin giɓin muke zaune.

Sannan a turo safiyo da na'urar awon tudu da gangare, a auna dokin ƙofar gidan da ya fi kowane zurfi, a ɗauki ma'aunin aikin daga nan. Idan aka ɗauka daga saman kwalta, za a gina magudana mai kyau wadda ƙasanta ya fi tsakar gidan Iya tudu, a zo a yanke kirtani a tafa, ruwa kuma ya ci gaba da kwana a ɗakinta.

Kududdufi ɗaya da ya rage mana, ina roƙon a sa shi cikin aikin. Tuni an fara cinye gefensa da shara, kuma a garin nan kowa ya san ma'anar tarin shara a bakin kududdufi: fili ake nema. A auna shi, a kafa masa duwatsun iyaka, a yi masa takarda da sunan jama'a yadda babu mai iya yanka shi, hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, kuma ta san da zamansa a taswirarta. A yashe shi, a kewaye shi da shinge saboda yara, domin mun binne yaran da suka je wanka a irinsa. A yi masa ƙaramar mafita ta ƙasa yadda zai tsiyaye cikin kwana ɗaya ko biyu kada ya zama gidan sauro. Kowace lita da ya riƙe na awa biyu, lita ce da ba sai an saya mata siminti ba. 'Yan kasuwar Kantin Kwari sun ga abin da toshe hanyar ruwa ke jawowa a watan Agustan 2022, lokacin da ruwa ya shiga shaguna ya lalata dilolin atamfa da shadda. Idan ya yi wa masu dukiya haka, ina ga mai sayar da ƙosai.

Batun kuɗi ka fi ni sani. Na dai san akwai asusun kula da muhalli da ke zuwa daga tarayya, akwai kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai kula da ƙasa da ruwa, na dala miliyan 700, da aka amince da shi a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda Kano ke ciki. Ko da kuɗin jiha ne tsantsa, a haɗa lissafin buhunan shinkafa da katifu da kwanon rufi da ake rabawa bayan kowace ambaliya, shekara bayan shekara. Muna godiya da tallafin, Allah Ya saka, amma katifar da aka ba mu bara ita ce ta jiƙe bana. Kuma ba mu ce a yi wa ƙananan hukumomi takwas na cikin birni a lokaci guda ba. A ɗauki unguwa ɗaya ko biyu, a yi aikin daga mafita har sama, a kafa sandar awo a wuraren da ruwa ke taruwa, a rubuta inda ya kai kafin aiki da bayan aiki. Idan damina biyu suka wuce bai yi amfani ba, a buga sakamakon kowa ya gani, ni ma in janye maganata.

A namu ɓangaren, mun zauna a ƙofar gidan mai unguwa bayan sallar la'asar, da limamai da shugabannin matasa da wakilan mata, mun ɗauki alkawari a rubuce. Duk dakali ko matakalar shago da ya hau kan kwata za mu fasa da hannunmu, kuma nawa za a fara fasawa. Ragar tare shara da ramin yashi, mu za mu riƙa kwashe su duk Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli, da kuma washegarin kowane babban ruwa, idan hukumar kwashe shara, REMASAB, za ta ajiye mana mazubi a bakin titi ta riƙa ɗauka. Masu salga kusa da rijiya za mu taimaka musu su ɗaga bakinta su yi mata murfi. Marafan ƙarfe kuwa, mun san 'yan jari-bola ba sa barin su, don haka muna ba da shawarar a yi na kankare masu nauyi, 'yan sintirinmu su sa ido. Za mu jure ƙura da rufe titi da zagaye, in dai an gaya mana ranar farawa da ranar gamawa, aka kuma kafa allo mai ɗauke da faɗi da zurfin abin da aka biya a gina, don mu ma mu riƙa sa tef.

Daga Nuwamba zuwa Afrilu wata shida ne. Idan Mayu ya shigo da rami a buɗe, ramin da kansa zai zama masifa. Muna roƙon a turo injiniyoyin Ma'aikatar Ayyuka da ta Muhalli tun kafin sanyi ya kama, su zo da kayan awonsu. Ba sai sun jira ruwa ba: zanen da ya bari a bangon zauren Iya yana nan bai goge ba, santimita 55 daga daɓe, na auna shi jiya. Duk ranar da suka shirya, su tambayi gidan Malam mai gwangwani a kan soro, yara za su kawo su.

Allah Ya taimaki Gwamna, Ya ba Kano lafiya da zama lafiya.

Wassalam.

Naka,
Sakataren ƙungiyar ci gaban unguwa, a madadin mazauna gangare.